Shekarar da Na Tsare Rumbun Iri

Bana ruwa ya makara. Yau kwana tara ke nan hadari yana haɗuwa ta gabas bayan la'asar, ya yi baƙi har kaji su fara neman ɗaki, sai iska ta taso ta watsa shi. Kowa a garinmu ya gyara sungumi, ya sheƙe iri, muna zaune gindin dogon yaro muna kallon gabas har wuya ya yi ciwo.

A cikin wannan jira ƴata Ramatu ta iso hutu daga Damagaram. Shekararta ta farko ke nan a jami'a, tana karanta abin da suke kira sikoloji. Na tambaye ta mene ne shi da Hausa. Ta ce ilimin halayyar ɗan Adam ne: yadda mutum yake gani, yadda yake tunawa, abin da ke ba shi tsoro, da abin da ke sa shi bin umarni.

Na miƙa mata tafin hannuna na ce, "To duba mini. Me ke cikin raina yanzu?"

"Baba, ba duba ake koya mana ba."

"Ashe tafiyar banza kika yi."

Uwarta ta ce daga bakin murhu, "Abin da ke ransa ko ni na sani, kuma ban je Damagaram ba. Fura ce."

Ramatu ta ba mu labarin darasin da ya fi tsaya mata. Wata rana suna zaune a babban ɗakin karatunsu, wanda kujerunsa ke hawa kamar matakala. Malaminsu yana cikin magana sai wani mutum ya faɗo, ya fizgi jakarsa ya fita da gudu. Ɗaki ya kaure. Malamin ya ce kowa ya zauna ya rubuta kamannin ɓarawon. Da aka tattara takardu, wasu sun ce rigarsa ja ce, wasu sun ce shuɗiya. Ramatu ta rubuta cewa yana da hula, ta ma tuna kalarta. Sai ga mutumin ya dawo yana dariya, ashe abokin malamin ne. Kuma kansa ba hula.

Malamin ya ce musu tunawa ba ajiya ba ce da za ka buɗe ka tarar da abin da ka zuba. Duk lokacin da mutum ya tuna wani abu, sake yaɓe shi yake yi, kamar katangar da ake yi wa sabuwar laka kowace shekara har a rasa ina tsohuwar take. Daga nan ya ba su aikin hutu. Kowa ya nemi mutum biyu da suka ga abu ɗaya shekaru da yawa baya, ya tambaye su daban-daban, kada ya bari su haɗa baki, ya rubuta inda suka saɓa.

"Na zaɓe ka kai da Gwaggo Hajo," in ji ta. "Ina son labarin shekarar da Gwaggo Sa'a ta rasu."

Uwarta ta daina motsa miya. Ita ta san ba a kiran wannan suna a gabana.

Sa'a autarmu ce. Ta rasu ba ta cika shekara biyu ba, a gidan da ke da rumbu cike da gero, kuma ni ne na hana a buɗe shi. Na san rai na Allah ne, ajali kuma ba ya jira. Amma sanadi sanadi ne, kuma shekara talatin da biyar ina ɗauke da cewa ni ne sanadinta.

Na ce wa Ramatu ba zan iya faɗa da baki ba. Shekara uku ke nan ina zuwa makarantar yaƙi da jahilci, hannuna ya fara sabawa. Na ce ta ba ni kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, ta ba ni kwanaki. Ga abin da na rubuta mata.

Ina da shekara goma sha tara. Daminar da ta gabata ta ɗauke da wuri, gero ya tsaya da ciki bai fitar da kai ba. Gonarmu da ke arewa da Olelewa, wadda kan cika rumbu uku, abin da ta ba mu bai cika ɗaya da rabi ba. Baba ya zauna a bakin shiga ya bi zangarniya ɗaya bayan ɗaya, yana ware masu kauri da cikar ido. Waɗannan su ne iri. Irin geronmu ne na Damargu, gajeren kai mai kauri, wanda ke nuna da ruwa kaɗan. Tun kakanmu yake hannunmu. Geron kudu in ka shuka shi a ƙasarmu ganye zai yi ta yi har ruwa ya ɗauke. Wanda ya ci irinsa ya ci shekara mai zuwa, ya ci ta bayanta.

Baba ya zuba irin a ƙaramin rumbun laka da ke bayan ɗakin Inna, wanda ke zaune kan duwatsu. Ya kwaɓa laka ya liƙe bakinsa daga sama. Laka tana ɗanya ya danna tafin hannunsa a kai, yatsu biyar suka fito sarai, sannan ya mayar da jinka. Haka ake yi a gidanmu: in hannun maigida yana kan rumbu, maigida yana gida.

Da sanyi ya fara ja baya ya kora shanunmu biyu da suka rage zuwa kudu, ya ce zai nemi ciyawa ya nemi aiki. Da safen da zai tafi ya kira ni bayan ɗaki, ya sa na hau tsani na ga hannun.

"Ka gani?"

"Na gani, Baba."

"Ba a buɗe shi sai na dawo, ko kuma ruwan shuka ya sauka, ka tona ka ga laima ta wuce wuyan hannu. Ko wa ya ce ka buɗe. Ka ji ko wa?"

"Na ji."

Bai taɓa ba ni riƙon wani abu ba sai ranar. Na sauko daga tsanin ina jin na ƙara tsawo.

Muka rage mu huɗu: Inna, ni, ƙanwata Hajo mai shekara goma sha biyar, da Sa'a a bayan Inna. Baba ya ƙiyasta rumbun ci zai kai mu damina. Bai kai ba. Da farko tuwo sau ɗaya a yini, fura da rana. Sai tuwo ya tafi aka bar fura. Sai furar ta tsinke har kana ganin gindin ƙwarya. Ranar da Inna ta shiga rumbun ci da tsintsiya ta fito da abin da bai cika tafi biyu ba, zafi bai ma kai tsakiyarsa ba.

Daga nan muka koma anza. Ga wanda bai sani ba, wani ƙaramin itace ne da ba ya bushewa ko ƙasa ta ƙone, yana da ƴaƴa ƙanana masu ɗaci kamar maɗaciya. Ba a cin su sai an jiƙa kwana da kwanaki ana zubar da ruwa ana sake sabo. Wato yunwa ta aike mu wurin ƙishirwa. Rijiyarmu tana da zurfin da in ka jefa tsakuwa sai ka yi numfashi kafin ka ji ta faɗa. Da jaki ake ja, mu kuwa jakinmu ya mutu. Sai mu ɗora igiya a kafaɗa, ni da Hajo, mu yi ta tafiya muna nesa da bakin rijiya har wani ya yi mana kira cewa guga ta iso. Mu dawo, mu sake. Muna fita da sassafe, ba mu dawowa sai rana ta take tsaka, saboda layi, ga Fulani da Abzinawa da sauran dabbobinsu, kowa yana jiran nasa. Har yau akwai tabon igiyar a kafaɗata ta dama.

Zafin shekarar ban sake ganin irinsa ba. Yashi yana cin ƙafa ta cikin takalmi. Iska in ta taso kamar an buɗe bakin tanda. Ruwan tulu da kansa yana ɗumi. Da rana gari yakan yi tsit, ba kukan jaki, ba sautin turmi, sai ƙudaje. Turmi shi ne muryar gari, kuma a watan nan garinmu ya zama bebe. Tukwanen anza jere a inuwa suna wari mai tsami, Inna tana ɗanɗana ɗaya da harshe ta tofar ta ce, "Sai gobe." Wata rana ba mu iya jiran goben ba, muka ci, muka yini muna amai. Hajo takan tafi ɗebo ganyen jiga. Ni nakan tona gidan tururuwa in kwashe ɗan hatsin da suka tara, rabi ƙasa.

Mutane suka fara tashi. Gida bayan gida ana jingina ƙaya a bakin ƙofa, a kama hanyar Tanut, wasu su wuce kudu. Maƙwabcinmu Malam Habu ya zo ya ce mu bi su, akwai wuri a amalankensa. Inna ta dube ni. Ba a ɗaukar rumbu a amalanke, ba a kuma barin sa a gari ba kowa. Na ce muna jiran Baba. Suka tafi. Ta haka rumbun nan ya ɗaure mu kamar turke. Ba mu ci daga cikinsa, ba mu iya nisa da shi. Da yamma nakan shimfiɗa tabarma a inuwarsa in jingina bayana da lakarsa, in kuma iska ta juyo ina jin ƙamshin geron ta cikin bango.

Wata ranar Laraba hadari ya haɗu, aka yi ruwa. Yara suka fita tsirara suna ihu, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan da ke sa mutum ya ji kamar ya ci ta. Na ruga gona na tona da hannu. Laima ta tsaya a gaɓar yatsa ta biyu, ƙarƙashinta yashi busasshe mai zafi. Na tona wuri bakwai, duk ɗaya. Waɗanda suka rage a gari da yawa suka buɗe irinsu suka shuka. Wani dattijo ya ce mini, "Kai yaro, taurin kan ubanka ka gada? Ruwa ya zo kana tsaye?" Gero ya tsiro musu, kore shar, layi-layi. Kwana goma sha biyu ba ɗigo. Ya kwanta ya zama kamar gashin masara. Suka rasa irin, ba su ci ba, ba su girba ba. Wannan ya ƙara mini ƙarfin zuciya. Na ce ashe Baba ya san abin da yake faɗa. Da ban ga wannan ba, wataƙila da na yi laushi daga baya.

Nonon Inna ya ƙafe. Sa'a ba ta iya anza, ko an dama mata sai ta dawo da shi. Yarinya ce mai dariya, ta fara kirana "Yaya" ke nan, tana cewa "Ya". Sai ta daina tafiya ta koma rarrafe, sai ta daina rarrafen. Gashinta ya yi ja ya yi laushi. Kukanta ya koma kamar na ɗan akuya daga nesa.

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" take cewa, ko ta ce wa Hajo, "Kira wancan." Wata rana na dawo daga rijiya, na sauke tulu, ina zaune jikin rumbu ina jiran idona ya daina ganin duhu. Ta zo ta tsaya a gabana da Sa'a a kafaɗa.

Ta ce, "Isufu."

Na ɗaga kai. Ban san sunana a bakinta ba, sai na ji kamar wani ake kira.

"Zangarniya biyar. Kunu kawai zan yi mata. In ubanku ya dawo ni zan faɗa masa."

Na ce, "Inna, ya ce ko wa."

Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta ɗan tsaya, ta gyara kan yarinyar a kafaɗarta, ta koma ɗaki. Ina da hannu, ga tsani a jingine. Na zauna ina faɗa wa kaina cewa in na fasa laka saboda biyar, gobe goma ne, jibi babu iri. Na ce ruwa ya kusa. Na ce Baba yana hanya.

Bayan kwana uku Sa'a ta rasu, da hantsi. Ni na ɗauke ta, ba ta kai nauyin tulu ba ko rabi.

Kwana tara bayan haka ruwan gaske ya sauka, tun azahar har magariba. Laima ta kai gwiwar hannu. Washegari Baba ya iso da saniya ɗaya da ɗan buhu a kai, ya bi hadarin ne tun daga kudu. Aka gaya masa. Ya zauna a bakin shiga ya daɗe. Sannan ya hau tsani, ya ga hannunsa yadda ya bar shi, ya fasa da kansa ya shiga, yana miƙo mini ina karɓa. Da ya fito ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka riƙe amana." Ban taɓa jin magana mai nauyin wannan ba.

Muka yi shuka, Baba yana gaba da sungumi yana sara, mu uku muna binsa muna jefa iri muna rufewa da diddige. Inna ta ɗaura zanen goyo a ƙugu, ba kowa a ciki. Kusurwar gabas ta gonar ba mu shuka ta ba, ƙarfinmu ya ƙare. Shekarar aka yi gero irin wanda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba. Bayan girbi, waɗanda suka rasa irinsu daga wurinmu suka samu. Har yau akwai masu cewa gidanmu ne ya ceci irin garin. Inna ta rayu shekara ashirin bayan haka, ba ta sake kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa tayar da maganar ba.

Nan na tsaya. Kwana shida na yi ina rubutawa. Ramatu ta karanta a gabana, ta rufe kayen ta riƙe shi a ƙirji. Washegari ta tafi unguwar yamma wurin Hajo, wadda yanzu take da jikoki huɗu da bakin da duk garin ke tsoro.

Ta dawo kafin azahar, kusan da gudu, mayafi yana jan ƙasa.

"Baba! Baba, zauna ka ji. Ba kai ba ne."

Ta buɗe takardarta ta karanta mini abin da Hajo ta ce. Wai Inna ta roƙe ni, gaskiya ne, amma ba kwana uku kafin rasuwar ba, wata guda ne. Wai da ta koma ɗaki ta ce wa Hajo, "Ku bar shi. Amana aka ba shi, kada mu karya shi." Washegari ina rijiya, Inna ta sa Hajo ta kwanta ta shiga ƙarƙashin rumbu tsakanin duwatsu, inda kaji ke fakewa, da guntun ƙarfe. Ta huda gindinsa. Kullum tana zaro zangarniya biyu ko uku ta toshe da tsumma da laka. Ba su daka a turmi don kada a ji, a dutse suke niƙawa. Wai Sa'a ta sha kunun geron nan har ranar ƙarshe. Wai zawo ne ya ɗauke ta, irin wanda ya ɗauki yara da yawa a garin bayan ruwan ƙaryar nan, har da na gidajen da ke da abinci. Kusurwar gabas kuwa, in ji Hajo, ba ƙarfi ne ya ƙare ba, iri ne bai kai ba. Baba ya ga ramin lokacin da ya shiga rumbun, ya yi shiru.

Na dafa ƙasa. Ramatu tana dariya tana hawaye, uwarta tana cewa, "Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi." Na yi kamar minti biyar ina mutumin da bai kashe kowa ba.

Sai igiya ta faɗo mini a rai.

Na ce, "Ramatu, ta ce ina rijiya take shiga?"

"E."

"Da wa nake jan igiya?"

Ta duba kayena. Ta duba takardarta. Ta ce, "Na tambaye ta. Ta ce ba kullum take binka ba, wata rana da ƴar maƙwabta kake ja."

"Maƙwabta sun tashi."

Ta ninke takardar.

"Kin gaya mata abin da na rubuta?"

"Wallahi ban gaya mata ba."

Na yarda. Amma Hajo ba ta bukatar a gaya mata. Shekara talatin da biyar tana ganin yadda nake sauya hanya in za a wuce ta gefen ƙananan kaburbura. Tana ganin kowace bazara ni ne na farkon buɗe rumbu in yaro ya yi tari. Mace ce mai wayo, kuma tana sona.

Na ce, "Malaminku ya ce mutum yana iya tuna hular da babu ita."

"Haka ya ce."

"To rami fa? Mutum yana iya tuna ramin da bai huda ba?"

"Yana iyawa, Baba." Muryarta ta yi ƙasa. "Amma kai ma kana iya tuna ta a gefenka kullum, alhali ba kullum ba ne. Kana iya matso da ranar roƙon kusa da ranar rasuwar, saboda a nan take maka ciwo."

"To wanne ne gaskiya?"

"Ba a koya mana wannan ba. An ce mu rubuta inda aka saɓa kawai."

"Sai shekara ta biyu ke nan?"

Na so ta yi dariya, ba ta yi ba. Inna ta rasu, Baba ya rasu, rumbun ya rushe tun kafin a haifi Ramatu, inda yake yanzu turken awaki ne. Mu biyu muka rage a duniya da muka ga shekarar daga cikin gidan nan.

Na sa takalmi na tafi unguwar yamma. Na tarar da Hajo a tsakar gida tana tsince wake a faifai.

"Yaya, lafiya da rana tsaka? Ƴarka ta ce ba a haɗa baki."

"An gama rubutu."

"To zauna. Ko ka zo ka tsare mini rumbu ne?"

Na zauna a kan turmi. Na ce, "Hajo, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Inna ta hana. Ta ce abu ɗaya ka fita da shi daga shekarar nan, cewa ka riƙe amana, kada mu ƙwace maka. Kai kuma ka taɓa tambaya? Kana yawo da fuska kamar an aiko ka ta'aziyya, wa zai fara?"

"Da wa nake jan igiya ranar da ba ki zo ba?"

"Oho. Ni na san duk wanda ka ja igiya da shi? Shekara nawa yau?"

"Da wane ƙarfe kika huda?"

"Guntun lauje." Ta faɗa da sauri. Ban san ko saurin tunawa ba ne ko na shiri.

Na ce, "Ki rantse mini."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ta dube ni sosai, irin kallon da Inna ta yi mini ranar nan. Sannan ta ajiye faifai, ta shiga ɗakin mijinta ta fito da Alƙur'ani a cikin gafakarsa, riƙe da gefen mayafi, ta ɗora a kan tabarma tsakaninmu.

"Bari in yi alwala."

Ta ɗauki buta ta tsuguna a bakin magudana, ta ba ni baya. Hajo komai da sauri take yi, ci da tafiya da magana, har salla sai an ce ta rage gudu. Ranar nan ta wanke hannu a hankali. Ta kuskure baki, ta tsaya. Ta wanke fuska ta bar tafinta a kai ya daɗe. Ina kallon bayanta, ƙashin kafaɗarta ya fito ta cikin riga kamar yadda yake tana shekara goma sha biyar. Ban iya gane ko jinkirin mai shirin ɗaukar zunubi ba ne, ko na wadda ɗan'uwanta ya ƙi yarda da ita a kan abin da ta yi rarrafe a cikin kashin kaji ta yi.

Na ce, "Bari, Hajo."

Ba ta juyo ba. Ta shafi kai, ta shafi kunne, ta zuba ruwa a ƙafar dama.

Na tashi na ɗauki takalmina a hannu. Abu ɗaya na tabbata da shi a duk wannan labari: da ta gama alwalar nan, da ta dafa. Ko akwai ramin ko babu shi, da ta dafa saboda ni. Na bar ta tana wanke ƙafar hagu, na fita.